Ki Bar Rubutun da Girmansa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗiyata, ina gaishe ki, ina yi miki barka da sauka. Ina fata motar Yelwa ba ta wahalar da ke ba, kuma kin samu gadon da ba ya bakin ƙofa. Allah Ya sa kin shiga makarantar nan da ƙafar dama, Ya tsare ki daga sharrin ruwa da na tudu, Ya haɗa ki da abokan zama nagari.

Idan kina karanta wannan takarda, to kin kai ƙasan akwatinki, kin ga abin da na naɗe cikin tsohon ɗankwalina mai ruwan goro. E, allon karatuna ne, na'urar nan da ba na bari kowa ya taɓa da jiƙaƙƙen hannu. Na san za ki ce mantuwa na yi. Ban manta ba, ba ki na yi. Babanki ya riga ya tambayi shugabar makaranta, ta ce tunda ba waya ba ce, ba a kira ba a amsawa, babu laifi. Kawunki Bello ya zuba miki littattafan aji a ciki. Na bar miki wasu daga cikin labaraina, na sa ya cire waɗanda ba ki kai gare su ba tukuna, don haka kada ki wahalar da kanki da nema.

Ba labarin gida zan ba ki ba, ai yanzu kika baro shi. Ke ce 'yar fari, kin kuwa san yadda abin yake a wurinmu. Ban taɓa kiran sunanki ba. Ban taɓa zaunar da ke na dube ki ido da ido ba. A ɗakin Inna kakarki kika tashi, ni kuma Yaya kike ce mini tun kina koyon magana. To abin da baki ya kasa, bari hannu ya gwada. Kin ga rubutuna manya-manya kamar na 'yar aji ɗaya. Da gangan na yi.

Zan fara da makarantata, tunda ba ki taɓa jin yadda na bar ta ba. A layin baya nake zama, don can ƙawayena suke. Abin da malam yake rubutawa a allo, ni ban taɓa ganinsa a matsayin rubutu ba. Wani fari-fari nake gani, kamar an watsa gari a kan baƙar tukunya. Na ɗauka kowa haka yake gani, su dai sun fi ni ƙoƙarin cinka ne. Sai in kwafa daga littafin wadda ke gefena, in ta yi kuskure in yi, in ba ta zo ba ranar in zauna ina kallon taga. Daga nan malamai suka sa mini suna mai mafarki. Wani ya ce jikina ne kawai ke aji, hankalina yana tsakiyar ruwa. Na yarda da su, na ɗauka ba ni da kai. Da na faɗi jarrabawa aka ce ko zan maimaita, ni da kaina na ce a bar shi. Babu wanda ya fitar da ni. Littattafan labari ne kaɗai ba su taɓa yi mini nisa ba, don su ina iya kawo su har kan hancina. Shi ya sa na so su irin son da kika tashi kika gani.

Saboda haka, ranar farko da za ku shiga aji, ki riga kowa, ki kama layin gaba. Kada ki bi ƙawa zuwa baya. Ƙawar da ta ƙi ki don kin zauna gaba, da ma ba taki ba ce. Idan malama ta ce ke doguwa ce, ki koma baya, ki bi ta bayan an tashi, ki rusuna ki gaya mata dalili. Ba rashin kunya ba ne.

Kuskurena na biyu, ranar da allon nan ya shigo gidanmu ne. Ke kina ƙarama, ba lalle ki tuna ba. Kawunki ya dawo hutu daga Sakkwato, ya tarar da ruwan sama ya shiga kwalin littattafaina, ina shanya su a kan tabarma kusa da warangin babanki, ƙananan kifayen nan da yake busarwa, kifi gefe guda, soyayya gefe guda. Ya yi ta dariya. Da ya sake zuwa sai ga shi da wannan abu. Aka taru a tsakar gida, Inna, babanki, ƙannensa, kowa na leƙe. Ya kunna, ya buɗe wani labari, ya miƙo mini ya ce, "Kina gani haka, ko a ƙara girman rubutun?"

Wallahi ɗiyata, tururuwa nake gani sun jeru. Amma surukata na zaune, mijina na tsaye, ni kuma ita ce matar da duk unguwa ta sani da karatu. Sai na ce, "Ƙwarai kuwa, ina gani tas."

Ya ce, "Ki dai duba, ana iya canzawa."

Na ce, "Haba Bello, mi ka ɗauke ni, tsohuwa?"

Aka yi dariya, ya tafi. Kalmar nan guda ta sa na shafe damina da kaka ina karatu da ƙanƙance ido, allo manne da fuska, ciwon kai tun daga nan goshi har ƙeya. Idona ya riƙa ja yana hawaye. Inna ta ce hayaƙin bandar kifi ne, ta hana ni zuwa wurin banda, ta niƙo mini tozali mai kyau, Allah Ya saka mata. Na riƙa zizarawa ina godiya, alhali na san ba hayaƙi ba ne. Ina kuma tsoron latsa abin da ba a nuna mini ba, kada in ɓata kayan mutane.

Wata rana da hantsi ina share ƙura a fuskarsa da bakin zane, yatsana ya taɓa saman shafin, sai wasu alamomi suka sauko. Na ce shi ke nan na kashe shi. Cikinsu akwai haruffa biyu a jere, ɗaya ƙarami ɗaya babba. Na rufe ido na taɓa. Wani layi ya fito mai ɗigo-ɗigo. Na matsa gaba kaɗan, sai tururuwan suka zama ƙwaro. Na ƙara, suka zama kalmomi. Na janye allon daga hancina, na ɗora shi a cinya, na jingina da bango kamar matar da ke cikin labarin, ina karantawa kafaɗuna a sake. Sai da na yi kuka. Ashe ƙofar a buɗe take tuntuni, ni ce na zauna a bakinta ina jiran mabuɗi.

To ki ji: idan mai son ki ya tambaye ki ko kina gani, ko kin gane, ko kin ƙoshi, ki faɗi gaskiya tun a karon farko. Mutane ba su cika tambaya sau uku ba. Kuma kada ki ji tsoron allon. Duk abin da kika canza a wurin nan yana komawa. A ƙasan layin girman rubutu akwai inda ake buɗa tazara tsakanin layuka, ki buɗa kaɗan, shi ke hana ido tsallake layi ko maimaita shi. Akwai na gefen shafi, ki rage shi, don in rubutu ya girma yana son fili. Akwai kuma salon rubutu iri-iri. Ki bar wanda na zaɓa, mai kauri, don akwai wani siriri mai kyan gani da bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba, duk inda ya tarar da su sai ya ajiye ɗan akwati. Na taɓa karanta rabin littafi da shi saboda kwalliyarsa, kaina ya gaya mini.

Hasken da ke cikinsa ma sai da na yi wauta a kai. Na ɗauka yawan haske shi ne yawan gani, na ƙure shi, yana dallare mini fuska, caji na ƙarewa, kullum ina aike wurin mai caji. Ashe in kina waje da rana ba ya bukatar haske ko kaɗan, kamar takarda yake, rana ta ishe shi. A ɗaki kuwa ki ƙara daidai yadda shafin zai yi fari kamar takardar da ke kusa da taga, kada ya wuce. In an ce a kwanta, ki rufe shi. Labari ba ya guduwa. Wannan nasihar ni ban bi ta ba, amma ke ki bi.

Na uku zai ba ki dariya, ki yi, na yafe. Da na gano abin nan sai zumuɗi ya ɗebe ni, na kai rubutun can ƙarshen layi, kalma huɗu ko biyar ta cika shafi. Ranar kasuwa muka shiga jirgi za mu tsallake, ni da Maman Ishaya maƙwabciyarmu mai sayar da busasshen kifi. Jirgi ya cika, awaki, buhunan albasa, mata da goyo. Inji ya tashi, na fiddo allona daga leda, na nutse. An zo wurin da saurayin yake roƙon yarinyar ta yafe masa. Ban san duniyar da nake ba, sai na ji murya a bayana, wani dattijo mai albasa, yana karantawa da ƙarfi yana jan kowace kalma:

"Tun... da... kika... yi... fushi... ko... ruwa... ba... ya... wuce... mini."

Ya juya ga jama'a ya ce, "Kai jama'a, ku taimaki yaron nan! Ƙishirwa za ta kashe shi, ga ruwa ko'ina!"

Jirgi ya ɗauki dariya har mai inji. Wata mata ta ce, "Malama, juya muna shafi mu ji ko ta ba shi." Wani ya ce a kawo yaron garinmu Warra, kwana biyu yana jan komar kamun kifi zai warke. Ni kuwa da ruwan zai buɗe da na shige. Na cusa allon cikin leda, ban ƙara ɗaga kai ba har muka sauka.

Maman Ishaya ta gyara tabaranta da ta ɗaure ƙafarsa guda da zare, ta ce, "Mi ne na sunkuyar da kai? Dattijon nan da ya karanta, ai daɗi ya ji, shi ma ya daɗe bai ga rubutun da ya gane ba. Ni ranar da na fara sa wannan, yara har coci suka bi ni suna kiran ido huɗu. Yau su nake sa wa zare a allura."

Ban ji maganarta ba. Ina komawa gida na mayar da rubutun ƙarami. Daga ranar na shiga wata ɗabi'a: in ina ni kaɗai sai in ƙara girma in yi karatuna, in na gama sai in mayar da shi yadda Bello ya kawo, kada wani ya buɗe ya san halin da nake ciki. Dariyar jirgi ta ƙare tun kafin a sauke albasa, wataƙila babu wanda ya kai gida da ita. Ni ce na ɗauke ta shekara da shekaru.

A ɗakin kwananku za a leƙa. Wata za ta ce, "Ke, wannan rubutu ai daga bakin ƙofa ake karanta shi." Ki yi dariya tare da ita, ki ce to ta matso ta karanta kyauta. Ba sai kin kai shi ƙarshen layi kamar yadda na yi ba, akwai tsaka-tsaki. Amma kada ki rage ko ɗigo ɗaya saboda bakin wata. Ita da bakinta za ta koma gidansu, ke da idonki za ki zauna.

Akwai wani abu game da babanki da nake so ki sani, don za ki karanta labaran nan, za su iya ruɗa ki kamar yadda suka ruɗe ni. Na daɗe ina jin haushinsa a ɓoye, don ba ya magana irin ta mazan littafi. Su suna kwatanta ido da tauraro, shi in ya shigo sai ya ce, "An ba awaki ruwa?" Da yamma nakan kai masa abinci bakin ruwa, in tsaya ina jiran jirage. Ba na bambance nasa sai ya zo dab. Sau da yawa na ɗaga wa jirgin wani hannu, in na gane sai in yi kamar ƙuda nake kora. Bai taɓa cewa komai ba. Wani rani ya ja jirgin tudu don gyara, ya goge ɗan rubutun da ke goshinsa, ya sake rubuta shi da jan fenti, kowane harafi ya kai kamu guda. Abokansa suka yi ta tsiya, wai ko jirgin sama yake so ya gani. Ya ce fenti ne ya yi masa yawa. Ni ma na yarda, har na yi mitar ɓarna. Sai bara, ina tsaye na hango jan rubutun nan tun daga nesa, na ɗaga hannu ba shakka a raina, sannan abin ya faɗo mini. Mutumin nan ya ƙara mini girman rubutu tun kafin in san ana yi. Ina can ina neman magana a shafi, tawa tana yawo a kan ruwa.

Ki karanta labari ki ji daɗinsa, ba zan hana ki abin da ya raya ni ba. Amma ki riƙa ɗago kai kina duba waɗanda ke kusa. Wasu ba su iya faɗa ba, yi suke.

Yanzu na zo kan wanda ya sa na ɗauki biro, kuma shi ya fi nauyi, don a kanki na yi shi.

Tun da kika fara aron allon nan na lura da wani abu. Kina dawo da shi rubutu ƙarami, yadda kika ɗauka. Amma idan an ƙara girma aka mayar, shafin ba ya komawa daidai inda yake, layin da ke sama yakan gusa. Wanda ya saba yi shi ke ganewa, ni kuwa kullum yi nake. Na ce wataƙila wasa kike da shi. Sai ranar da Inna ta ƙwala miki kira, akuya ta shiga shanyar shinkafa, kika ajiye shi a kan tabarma kika ruga. Na ɗauka na duba. Rubutun na nan da girmansa, ɗigo ɗaya gaba da tsakiya. Daidai inda nake sa nawa.

Na tsaya riƙe da shi. Na tuna yadda kike ƙanƙance ido in an nuna miki abu, yadda kike gaishe da mutane sai sun yi magana sannan ki kira sunansu, yadda malaminku ya ce kina da ƙoƙari amma hankalinki na tafiya. Duk na gani, duk na sani, na ji kalmar nan a kaina tun kafin a haife ki. Kin san abin da na yi? Na ajiye shi yadda kika bar shi, na juya baya ina tsince wake, don kada ki san na gani. Kika dawo kina haki, kika saci kallona, kika mayar da shi ƙarami, kika ce, "Yaya, ga allonki." Na ce, "Ajiye can."

Haka muka yi ta yi, ni da ke, a gida ɗaya. Ke ki ƙara ki rage don kada in sani, ni in ƙara in rage don kada ki sani. Allo guda, ido iri guda, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa. Na ce wa kaina kunyar 'yar fari ce ta hana ni magana. Kunya gaskiya ce, ba na raina al'adar iyayenmu. Amma ba ita ta hana ni ba. Da na ce miki idonki na da rauni, sai in ce nawa ma, ni kuwa na riga na ce ina gani tas a gaban kowa. Kin ci jarrabawar shiga makarantar nan da kunnenki da haddarki, Allah Ya yi miki albarka. Amma can allo ya fi nisa, karatu ya fi yawa, kunne kaɗai ba zai kai ki ba. Ba na so wata rana a tambaye ki ko za ki maimaita, ki ce a bar shi.

Na gaya wa babanki, duka biyun, naki da nawa. Yana gyaran koma, bai ko ɗago ba. Ya ce, "To, yau dai an huta." Na ce mi ya hana shi magana tuntuni. Ya ce, "Ke da kike gani tas?" Na jefe shi da ɓawon gyaɗa.

Ga abin da muka shirya. Ranar kasuwar Yelwa mai zuwa za mu shigo, ni da shi. Zai nemi izini a wurin shugabarku, mu tafi da ke inda ake duba ido. Maman Ishaya ta kwatanta mini yadda ake yi: za a zaunar da mutum, a nuna masa haruffa a bango, manya a sama, suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa, a riƙa tambayarsa ko yana gani. Ni za a fara dubawa, kina tsaye kina kallo. Inda na daina gani zan ce na daina. Idan aka zo kanki, abin da nake roƙonki ke nan, shi kaɗai: kada ki cinka, kada ki haddace abin da kika ji na faɗa, na san kin iya. Inda rubutu ya ɓace miki, ki ce ya ɓace. In aka ce tabarau, sai mu sa tare, mu koma Warra a kira mu ido takwas.

Akwai labarin da ban gama ba a cikin allon, na tsaya daidai inda yarinyar ta tsaya a tasha tana shawarar ko ta hau mota. Ki karanta in kin samu sarari bayan aikin aji, in mun haɗu ki ba ni ƙarshensa da bakinki. Zan iya jira. Ki riƙa sa shi a leda in hadari ya taso, kada ki ba da aro ya kwana a hannun wata, kuma kada ki bar sallah don shafi ɗaya.

Inna na gaishe ki, ta ce ƙulin da ke cikin gwangwani naki ne ke kaɗai, amma na san ki. Ƙannenki na gaisuwa. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya buɗe miki ƙirji, Ya ƙara wa idonki haske, Ya sa ki gama lafiya ki dawo mana lafiya. Allah Ya raba ki da kunyar da ba ta da amfani, Ya bar miki mai amfanin.

Yanzu ki kunna allon. Na bar rubutun ɗigo ɗaya gaba da tsakiya, kuma ban mayar ba. Ke ma kada ki mayar, Safiya.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
wadda kike ce wa Yaya.